Ina Ruwa?

Shekara ashirin da bakwai na yi a bakin teku
ina ƙirga kwantenoni a Apapa.
Gishiri ya ci ƙarfen gadona, ya ci kwaɗon akwati,
ya ci ɗan abin da ya rage mini na ƙuruciya.
Ranar da kuɗin sallama suka faɗo
na ce da Hajo, ɗaure kaya,
Sakkwato za mu, gida za mu saya.

Bube dillali ya zo da keke shata,
makullai goma sha ɗaya a igiya ɗaya
suna kaɗawa a ƙirjinsa kamar laya.
"Alhaji, shigo. Yau sai ka zaɓa ka darje."

Mabera muka fara.
Ɗaki uku da falo, tayil har banɗaki,
sai dai maƙwabci na da injin markaɗe
mai tashi tun liman bai sallame asuba ba.
Na ce, ina ruwa?
Ya ce, "Awo, 'yan garuwa na zowa hab bakin ƙofa."

A Gawon Nama katanga ta ninka tsawona,
an yi mata rawani da waya mai ƙaya.
Bube ya faɗi kuɗin a hankali
kamar mai isar da saƙon rasuwa.
Hajo ta gyara mayafi, ta riga mu komawa keke.

Rijiyar Ɗorowa: zaure mai sanyi, azara baƙa,
ƙamshin tsohuwar ƙasa irin ta gidan kakana.
Magada bakwai ne, shida sun yarda,
na bakwai yana Kwatano, ba ya ɗaga waya.
Na shafa bango na fito.

A Arkilla Hajo ta auna kicin da taku,
ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta leƙa kwata,
ta tambayi wata yarinya ko wuta na daɗewa.
Yarinyar ta yi dariya kawai.
Na ce, ina ruwa?
"Ga tanki, Alhaji, ga burtsatse!
Wai wane irin ruwa kaka biɗa?"

Ban san yadda zan gaya masa ba.
Ba na sha ba ne, ba na wanka ba.
Wanda ke magana ne da dare,
ya zo, ya koma, ya sake zuwa,
har mutum ya yi barci bai sani ba.

Sai ya kai mu wajen Kwalkwalawa.
Bazara ce, Rima ta rame kamar zare,
albasa kore shar a gefe da gefe,
shanu tsaye a inda kwalekwale ya kamata ya bi.
Akwai gida nan kusa, mai arha har da ban tsoro.
A bangonsa wani layi daidai ƙirjina.
Bube ya sunkuyar da kai:
"Nan ruwa yat tsaya shekarar da gulbi yay yi hushi."
Hajo ta ce, to ga ruwanka nan, ka gan shi,
mu tafi.

Magariba ta same mu a Runjin Sambo
da makulli na ƙarshe, mai tsatsa.
Ɗaki biyu, rufin kwano, tsaga a kusurwa,
dogon yaro tsakar gida ya cinye rabin fili.
Babu wuta. Na zauna kan wani bulo
don gwiwata ta huta.

Sai iska ta taso daga gabas.
Ganye ya ɗauka, ya sauke,
ya sake ɗauka,
ya ja da baya can nesa, ya dawo.
Na rufe ido.

Bube ya ce, "Itacen ga ba matsala ba ne,
gobe in kawo mai gatari."
Na ce, wanda ya taɓa shi, ni da shi ne.
Hajo ta dube ni, ta dubi tsagar nan,
ta yi ajiyar zuciya,
ta ce da Bube, a rage kuɗin siminti buhu goma,
sannan ka faɗi la'adarka.