Ƙullin Dala Biyar

Ni ne Nomau, mai butiki a bakin tashar Tawa.
Da dare nake ƙulla sukari a leda.
Farashin bara ne, dala biyar,
cokalin kawai na sake.
Ba wanda ya ce uffan,
sai Cima da ta ɗaga ƙullin saitin fitila,
ta dube shi, ta dube ni,
ta biya, ba ta yi sallama ba.

Malam Arzika na lakwal,
dā buhun shinkafa yake ɗauka ran albashi.
Aka koma rabi. Aka koma tiya.
Yanzu sai bayan isha'i yake zuwa,
ya daɗe yana tambayar lafiyar iyali
kafin ya ce, "Rubuta."

Na rubuta. Littafin ya fi shagon cika.

Sun ce ni ke ƙara kuɗi.
Su tambayi mai sito,
zai nuna direba,
direba ya nuna gazuwal da shingayen hanya.
Ni ne dai bakin igiyar,
ni ake gani da ido.

Sardin ya yi wata huɗu a kan kanta.
Abin da ke tafiya: magi ɗaya,
mai na dala goma,
taliya a karya gida biyu.

Jiya ƴata ta zo karɓar sukarin koko.
Na miƙa mata ƙulli.
Ta ce, "Baba, Inna ta ce biyu.
Wai ɗayan nan ba ya kaiwa ko'ina."