Tada Mota, Baba

Shekara talatin da ɗaya Abarshi yana jan kamyo,
albasa a baya, daga Tawa zuwa Yamai,
kowane ramin hanya da sunan da ya raɗa masa.
Wata Talata ya fita sayen goro,
aka same shi bakin kwalta, buta a hannu,
yana tambayar wani yaro ina ne gidan Abarshi.

Ni ce ɗiyarsa ta huɗu, ni na kai shi asibiti.
Likita ba ta yi mana alkawarin komai ba.
Ta dai ce ƙwaƙwalwa rijiya ce,
in an daina ɗiba idonta toshewa yake.
Ku sa shi jan guga kullum, ko rabi ya fito.

To, kowace safiya in ya ajiye ludayin koko
sai in zauna kan turmi in ce: Baba, tada mota.
Ya gyara hula.
Badagishiri. Tsarnawa. Ƙonni, a sha shayi.
Dogon Dutsi. Doso...
Nan yakan tsaya kamar wanda mai ya ƙare wa.
Ba na turawa. In na buɗe baki sai ya ce
tun yaushe karen mota ke riƙe sitiyari?
Can sai ya bugi cinya: Birnin Gaure! Yamai!
In ce: saura komawa, juyo da ita gida.

Da la'asar Ɗan Jimma tela ke zuwa,
su haƙa gurabun dara ƙarƙashin bedi,
su yi ta musu har kiran magariba ya raba su.
Sahiya kuwa, da littafinta na lakwal,
ta sa kakanta gaba sai ya koyi boko.
Ya zana A, ya ƙura mata ido,
ya ce wannan ai jak ne na ɗaga taya.

Akwai ranar da mota ba ta tashi sam.

Jiya a hanyar komowa ya ɓace bayan Dutsi,
ya dube ni ya ce: ke ɗiyar wa?
Na haɗiye abin da ya tokare mini wuya,
na ce fasinja ce, Tawa za ni.
Ya ce shigo, ba sai kin biya ba.
Muka tafi a hankali, gari bayan gari.
Muna shiga Badagishiri ya waiwayo:
Tsahara, hura gawayi,
mun kusa gida.