Bayan Ruwa Ake Duban Gida

Takardar sauyin wurin aiki ta zo ran Laraba,
ta ce Birnin Kebbi, ba ta ce ga inda zan kwana ba.
Na bar Kulu da yara a Jega,
na shigo da jaka ɗaya da lambar dillali,
Arzika, mai babur ɗin da ba ya tashi sai an tura.

"Kuɗin gani daban, kuɗin mai daban,
la'ada sai an daidaita."
Ban taɓa ko ƙyaure ba
aljihuna ya fara ramewa.

A Badariya, ciki da falo,
fenti shuɗi, sabo, har yana hawa kai.
Na shafa gindin bango, sanyi ya gaishe ni,
ga layin da ruwan bara ya ja, daidai gwiwa,
an lulluɓe shi yadda murmushi kan lulluɓe bashi.
"Ba komi na ba, Malam," in ji Arzika,
idonsa na kan rufi.

A Gesse, tayil da famfo, mita taka kai kaɗai.
Mai gidan bai zo ba, wayarsa ta yi magana:
shekara biyu a dunƙule.
Na ƙirga albashina a gaɓoɓin yatsu,
gaɓoɓi suka ƙare, ban biya ko taga ba.

A Bayan Kara, bayi ɗaya, ƙofa tara,
injin markaɗe ya jingina da ɗakin kwana.
Ɗan wane gari ne? Yara nawa? Kana yin dare?
Sai ka ce aure na zo nema.

Kwana goma sha ɗaya a tabarmar Manu, abokin aiki.
Matarsa na ƙara ruwa a miya saboda ni,
ba ta taɓa cewa uffan ba,
shirun nata ya fi hayar Gesse nauyi.
Kullum bayan isha'i Kulu kan kira: "An samu?"
Ni kuma: "Saura kaɗan."

Inna ta taɓa ce mini
bayan ruwa ake duban gida.
Asabar, sama ta zazzage tun asuba.
Na naɗe ƙafar wando, na taka Rafin Atiku ni kaɗai,
mai shayi ya nuna mini wata ƙofa da leɓe.

Hajiya Tumba, makullai ƙulle a bakin zane.
Tsakar gida ta tsane, rariya na aikinta,
lemun tsami na ɗigar da sauran ruwa.
"Kwanon na yoyo a kusurwar can," in ji ta,
tun kafin in ɗaga kai.
Nan zuciyata ta sauke kaya.

A jikin ƙyauren ɗaki, zane-zanen ƙusa,
hawa-hawa kamar tsani.
"Wani malamin asibiti ke auna 'ya'yansa nan,
shekara takwas. Sun gina nasu a Kalgo.
Yi fenti ko'ina, ban da nan."

Muka shirya biya sau biyu,
rabi yau, rabi bayan girbin shinkafa,
ko da yake ba ni da fadama.
Aka rubuta a takardar da aka yago daga littafin jikanta,
mai unguwa ya sa hannu, ta dangwala yatsa.
Tawada ba ta bushe ba na ji tarin babur:
Arzika ya shinshino la'adarsa.
Na ba shi na goro. Ya ƙirga, ya ƙara ƙirgawa.

Talata a-kori-kura ta sauke gado da tukwane.
Kulu ta zaga, ta leƙa rijiya,
ta sa roba a kusurwar can.
Na san ƙasar ba tawa ba ce,
baɗi ma sai na sake sayen wannan barci.
Amma Asabe ta jingina da ƙyaure, ta miƙe wuya,
tana satar tsawo da ɗage.
Na ce, "Sauke dunduniya,"
na nemo ƙusa.