Haƙarƙarin Inji

Ran Lahadi, kasuwar Tawa na watsewa,
wani mai albasa ya turo moto da ƙafa
daga hanyar Tamaske,
inji na ƙauri kamar tuwon da aka manta bisa murhu.
Ruwan jiya ya kwaɓa hanya,
laka ta hau ƙarfe, ta bushe, ta zama yaɓe.

Watana huɗu a garejin Tankari.
Hannuna ya riga hankalina isa.
Yatsu biyu suka yi bororo nan take.

Tankari bai ce sannu ba.
Ya lanƙwasa guntun waya, ya tsuguna,
yana sakace tsakanin haƙarƙarin injin
kamar wanda ya gama cin kilishi.

"Wutar tana ciki," ya ce, "ba a ganinta.
Zafi baƙo ne da ba ya kwana biyu:
inda ya yi yawa yake tashi,
inda sanyi yake ya dosa,
ban taɓa ganin ya juya da kansa ba.
Ƙarfe na tsaye cik, amma cikinsa miƙo ake yi,
ƙwaya ta ba ƙwaya,
kamar magina a layi:
ba mai ɗaga ƙafa, tubali ne ke tafiya."

Na ce, me ya hana a bar shi sumul,
laka ta rasa wurin maƙalewa?

"In uwarka za ta huce kunu,
a kofi take barinsa, ko ƙwarya mai faɗi?
Kowane haƙarƙari ƙarin fuska ne ga iska.
Ka toshe tsakaninsu,
ka lulluɓa wa mai zazzaɓi bargo ke nan."

Ya tofa yawu a gindin guda, ya ce cuu, ya ɓace.
Ya tofa a bakinsa, ya zauna yana shawara.
"Ka gani? Zafi na tafe yana biyan kuɗin hanya,
kafin ya kai ƙarshe aljihu ya yi sauƙi.
Shi ya sa ba a ja su kamar ƙahon bijimi.
Tsawon da zafi bai kai ba, nauyi ne kawai."

Aka kawo shayi. Nan ma bai bar ni ba.
Cokali ya ciji leɓena, ya yi dariya:
"Alminiyam gudu yake da saƙo,
baƙin ƙarfe tafiyar dattijo,
icce kuwa rarrafe, har ya manta abin da aka aike shi.
Tambayi maƙeri dalilin ƙota."

Mai albasa ya ajiye jikka guda,
ya ƙara da albasa uku don kunya.
Ya taka, inji ya amsa,
iska ta shiga layukan da muka share
tana karɓar kaya ba ciniki.

Da dare na jingina da bangon ɗakinmu,
na ƙasa, kamu biyu kaurinsa.
Garin ya huce, karnuka sun yi shiru,
shi kuwa bango sai yanzu yake ba ni ranar azahar.
Tun tsakar rana take ratsowa,
taki ɗaya, taki ɗaya,
abin da rufin kwano ke yi kafin ka ɗaura alwala.

Yatsuna na bugawa kamar ƙaramin inji.
Ina hura musu iska
sai na ji sallama a bakin zaure:
Nana Aje ce, autar Tankari,
da man kaɗanya cikin gwangwanin tumatir.
"Baba ya ce ka shafa.
Ya ce kuma gobe ƙarfe bakwai."

Na karɓa. Gwangwanin da ɗumi,
ko na aljihunsa ne, ko na tafin hannunta.