Bakwai da Biyu da Uku

Shekara arba'in da ɗaya
ina riƙe da littafin shagon sabulu a Tarabulus ta Labanan.
Bakwai bakwai ce, uku uku ce,
ba wadda ta taɓa buɗe baki ta yi mini magana.

Sai ga saƙon Jumana, jikata,
daga garin da ƙanƙara ke toshe ƙofa:
7abibi jiddo, shta2tellak, ta3a.

Na sa tabarau. Na cire. Na goge da gefen riga.
Hannu ya lalubo fensir tun ban aike shi ba:
bakwai da biyu tara, da uku sha biyu.
Sha biyun me? Dala? Kwana?
Ko bashi ta ci take jin nauyin faɗa?

Ziyad, yaron mai gashin burodi,
da gari har a girarsa,
ya leƙa wayar, ya yi dariya har da riƙe ciki.
Ya ce, Baba Nadim, ajiye fensirin.
Bakwai ɗin nan ha ce, mai kankare maƙogwaro,
uku ainun ce ta juya baya,
biyu kuwa ɗan tsaikon numfashi.
Haruffan Turawa ba su da maƙoshi,
shi ya sa muka je aro gidan lissafi.
Cewa ta yi: kakana abin ƙaunata, na yi kewarka, zo.

Na ce to.
Na biya kuɗin burodin sau biyu ban sani ba.

Da dare na zauna mayar da amsa.
Yatsana ya fi maɓallin faɗi.
Ya 3omri nake nema, ya rayuwata,
sai takwas ta riga uku shiga.
Kafin in gyara, dariyarta ta iso,
ta tsallake teku ba ta jiƙe ba.

Barci ya ƙi.
Na jawo tsohon littafi daga ƙarƙashin gado,
har yanzu yana ƙamshin man zaitun.
Shafi bayan shafi, rubutuna ne,
bakwai a kan bakwai, uku a ƙarƙashin uku,
jere kamar masu jiran mota a ruwan sama.
Ashe duk shekarun nan suna da murya.
Ni kuwa in ja layi a ƙasansu,
in tara,
in rufe.