Ƙullin Tanimu

Shekara arba'in ina tufka a Daura,
gindin darbejiyar bakin kasuwa.
Rama da kaba sun san cinyata,
fatar ta yi kanta, ta daina jin zafi.
Igiyata guga take rakawa,
gaba ashirin, ta taɓo ta dawo.
Iyakar sanina ke nan da ruwa.

Sai ga Tanimu, autan Asabe,
wanda na zane kan wanka a Daberam,
da takarda, hannu na rawa:
"Baba, an ɗauke mu, mu goma sha biyu,
za a koya mana aikin jirgin ruwa."
Na ce, "Kwalekwale?" Ya ƙyalƙyale.
"Mai dakon kaya, Baba, a kan teku,
tsawonsa daga nan har tashar mota."
Asabe ta saki muciya, ta zauna.
A daren tuwo ya yi gudaji,
ba wanda ya ce uffan.

Wata tara, ya zo hutu.
Ya rame, wuya ya fito, farar riga fes.
Ya ce makon fari amai ya sha,
ƙasa ta ƙi tsayuwa ƙarƙashin ƙafa,
ka kabbarta salla kana duban gabas
kafin sallama jirgi ya kai ka arewa.
Ya kankare tsatsa har tafi ya fashe,
ya koyi taswira da kashin gobara,
da tsalle cikin duhu da rigar ceto.
Ya ce ruwan gishiri ne, ba ya shayuwa.
Na ce, to ina amfanin yawansa?

Bai amsa ba. Ya jawo igiyata,
ya yi zobe, ya zura, ya zagayo, ya ja.
"Tsinka, Baba."
Na ja, Sallau mahauci ya kama mini,
ƙulli ya ƙi motsi.
Ya sa babban yatsa, ya warware
kamar mai ɓare gyaɗa.

Wai malaminsu, wani tsoho ɗan Kalaba,
ya dubi hannunsa ranar farko
ya ce, "Kai, wa ya koya ma riƙon igiya?"
Ban tambayi amsar da ya bayar ba.
Na shiga ɗaki neman abin da ban ajiye ba.

Ya koma ranar Laraba.
Dare uku ina gwadawa a hasken cocila,
ina kuskure, ina sakewa.
Jiya na ɗaure akuyar Malam Ilu da shi,
wadda ta gagari turke bakwai.
Na leƙa da asuba.
Tana nan, tana tuƙa, tana harara ta.