Lamba Arba'in da Ɗaya

Sun ba ni farar safar hannu,
suka ce kada numfashina ya taɓa gilashin.
Ɗaga shi daidai ƙirji, kalli bango,
ban da tari, ban da murmushi.

A waje Jidda na gumi,
teku ya kwanta luf kamar an yi masa guga.
A ciki sanyin na'ura na cin ƙashi.

Lamba arba'in da ɗaya.
Takarda ce da ba ta kai faɗin faifai ba,
ta yi launin ruwan shayi.
Jan alli: bayan wani mutum, ba riga,
ya sunkuya zai ɗauki abin da ba a zana ba.
Dillali ya ce wani gwanin Faransa ne ya yi,
shekara ɗari biyu da hamsin ke nan.
Sau uku ya lanƙwasa harshe ya faɗi sunansa.
Sunan mai bayan kuwa, ba wanda ya tambaya.

Ni na gan shi tun da hantsi,
kafin a jera kujeru.
Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka,
ga kanta a gindin wuya, an murza ta da yatsa.
Mai zanen bai yi ƙarya ba.
Na san wannan kafaɗar.
Baba Ilu ya yi shekara talatin da ita,
garwa biyu a sanda,
yana hawa benayen Balad da ruwan wasu.

An taya dubu ɗari biyu.
Wata mai baƙar abaya ta ɗaga ɗan katako,
wani daga wata ƙasa yana ƙari ta waya.
Ɗari huɗu. Ɗari shida.
Nan ba a cewa albarka,
gira kawai ake ɗagawa.

Kai mai baya, awa nawa ka yi a sunkuye?
Ɗakin da sanyi? Cinyarka ta yi rawa?
Da aka gama, me aka danƙa maka,
kuɗin burodi ko sai gobe?
Ga ni nan ina taya ka tsayuwa,
damtsena ya fara kaɗawa,
Abu Rayyan na harara ta daga bakin labule.

Guduma ta sauka.
Riyal dubu ɗari tara, ban da la'ada.
Aka tafa, a hankali, kamar masu gudun tada jariri.

Bayan isha na sauka daga mota a Karantina.
Fanka na juyi, rediyo na magana shi kaɗai.
Baba ya juya wa ƙofa baya, yana barci,
hasken titi ya kwanta masa a kafaɗa.
Na laluba aljihu, ga biro, ga tsohon rasit.
Na ja layi ɗaya, ya fito kamar ƙugiya.

Na ajiye.
Na ɗauko man zafi a kan taga,
na shafa masa da hannuna, ba safa.